Hita na kashe mana wuta a hostel

Assalamu alaikum. Ni ne wakilin ɗalibai a benenmu na hostel, a wata jami'a cikin Kano. Kullum bayan Isha'i sai wutar benen ta ɗauke, saboda ana jona hita da murhun lantarki a soket ɗaya mai amfiya 13, alhali doka ta hana.

Na liƙa sanarwa, aka yage. Muka amince a koma risho, ba wanda ya bi. Yanzu wani ya ɗaure fis da zaren waya, soket ya narke, bango ya yi baƙi, ƙaurin roba har baranda. Tsorona gobara.

Waɗanda suka riƙe muƙamin, shin wakili na da hurumin ƙwace hita da kansa, ko sai ofishin harkokin ɗalibai?