Ina son kai rayuwata kan dandamali, amma rubutun ya koma lacca

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A gidan talakawa na tashi, tallafin karatu ya kai ni jami'a. Yanzu a gida ana ganina 'yar boko, cikin 'ya'yan masu hali kuma baƙuwa nake. Ina rubuta wasan kwaikwayo na mutum ɗaya, minti 40, a kan wannan. Rubutun ya zama lacca kan talauci, kuma ina tsoron tona asirin iyayena. Ta ina zan fara gyara?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya mai da shi lacca shi ne kina faɗa wa 'yan kallo ma'anar abu kafin su ga abin. Ki soke duk jimlar da kalmar "talauci" ko "matsayi" ta fito a ciki. Sai ki jera lokuta 20 da kika ji bambancin a jikinki: ranar da kika ɓoye takalminki ƙarƙashin kujera, ko ranar da kika gyara wa mahaifinki furuci, kika ga fuskarsa ta canza. Ki zaɓi shida ko bakwai, kowanne ya zama fitowa ɗaya ta minti biyar zuwa shida. Da shiru da motsi, minti 40 ba zai ɗauki fiye da kalmomi 4,500 zuwa 5,000 ba.

Masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu, ya nuna cewa matsayin mutum yana zaune a lafazinsa, da tsayuwarsa, da abin da yake ganin ya yi kyau. Nan wasanki yake. Ki ware muryarki ta gida da ta ofis, ki bari 'yan kallo su ji daidai inda ɗaya take kuɓuce miki ta shiga ɗayar. Kowane mutum da za ki kwaikwaya ki ba shi motsi ɗaya da wurin da yake kallo, kada ki sauya, in ba haka ba masu kallo za su rikice wa ke magana. Kayan da za ki yi amfani da su a kan dandamali kada su wuce uku. Marigayi Spalding Gray na Amurka, wanda ya yi suna a wasan mutum ɗaya, da tebur da littafin rubutu da kofin ruwa ya riƙa riƙe hankalin mutane.

Amsa ta biyu:
Batun iyaye ya fi komai nauyi, ƙanwata. Kunyar da kika ji taki ce, ki faɗe ta. Bashin mahaifinki ko ciwon mahaifiyarki nasu ne, sai da izininsu. Ki karanta musu tun kafin a fara gwaji, lokacin da cire fitowa ba zai rushe wasan ba. Canza suna ba ya ɓoye uwa, don ɗaya gare ki. Kuma ki ba su fitowar da suka fi ki gaskiya, kar su zama abin tausayi kawai ga masu kuɗin tikiti.

Amsa ta uku:
Ki gwada dabarar Augusto Boal, daraktan wasan kwaikwayo na Brazil: ki tara mutum huɗu ko biyar, ki tsara jikinsu kamar gumaka, ba magana, su nuna "gida", sannan su nuna "makaranta". Sai ki nemi inda za ki tsaya a kowane hoto. Wurin da kika rasa matsaya, shi ne tsakiyar wasan.

Kada ki ba kanki umarni, ki samu darakta. Kafin ranar wasa ki nuna wa mutum 10 zuwa 15 daga ɓangarorin biyu, talakawa da masu hali, ki tambaye su me suka gani, ba ko ya yi kyau ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Akwai fitowar da kuka yake tare ni duk lokacin gwaji. In bar ta?

Amsa ta uku:
In ya tare ki a wuri ɗaya sau uku a jere, lokacinta bai yi ba. Ki ba da ita da "ta" maimakon "na", kamar labarin wata. In hakan ma bai yi ba, ki ajiye ta sai wasa na gaba.