Bairos ɗin aladu da takurar ƙwayar halitta: me kuka gani a gwajinku?

Ɗalibar bairoloji: Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina aiki a kan PEDV, nau'in korona mai sa jariran aladu gudawa, wanda ya ɓulla a Amurka a 2013 ya yi mummunar ɓarna. A ƙwayoyin halitta na gwaji da ake kira Vero nake rainonsa. Idan na zuba bairos ɗin, GRP78 mai taimaka wa naɗe furotin yakan ƙaru, eIF2α kuma, wanda ke fara haɗa furotin, ya ɗauki fosfet, alamar ƙwayar ta takura har ta rage haɗa furotin. Abin da ya ɗaure min kai shi ne curin takura, wato dunƙulen RNA da furotin da ƙwaya ke yi idan ta takura, wanda nake bibiya da furotin G3BP1: sai ya fito a ƙwayoyi ƙalilan, can gaba ya ɓace, bairos kuwa na ta hayayyafa abinsa. Don Allah duk wanda ya taɓa cin karo da haka ya faɗa mana yadda ta kasance.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na gani da idona. Abin da ya warware mana shi ne sinadarin asanait, wanda ke tilasta wa ƙwaya yin curi ta hanyar HRI, wani enzayim mai sa wa eIF2α fosfet, ba ruwansa da bairos. Muka zuba shi bayan cutar ta yi nisa, muka rina G3BP1 da kore, furotin N na bairos da ja. A ƙarƙashin madubi, ƙwayoyin da ba su kamu ba sun cika da ɗige-ɗigen kore kamar an watsa musu tsaki. Maƙwabtansu jajaye kuwa sumul, ko ɗigo babu. Ka ga ke nan bairos ɗin ne ke hana curin haɗuwa. An wallafa binciken da ya nuna PEDV na sa enzayim caspase-8 na ƙwaya ya datse G3BP1, shi kuma bairos ɗin ciwon baki da kofato da nasa furotiyes L yake datsewa. Ki haɗa da TIA-1, wani furotin na curin, a rinin, don idan an datse G3BP1 ba za ki dogara da shi kaɗai ba.

Malama mai binciken PRRSV, bairos mai taɓa numfashi da haihuwar aladu: Ƙanwata, ni gargaɗina a kan Vero ne. Daga ƙodar biri aka samo su, kuma ba sa iya yin intaferon rukuni na ɗaya, sinadarin da ƙwaya ke kare kanta da shi daga bairos. MARC-145 da muke rainon PRRSV a ciki su ma na biri ne. A cikinsu sakamakona tsaf yake fitowa, PERK, wanda shi ma ke sa wa eIF2α fosfet, ya tashi, curi ya biyo baya. Da na koma makurofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, na huhun alade, inda bairos ɗin ke shiga ta ƙofar furotin CD163 a jikin dabba, sai lamarin ya canza: na wannan alade daban, na wancan daban, wani lokaci ma waɗanda ba a sa wa bairos ba a takure suke tun daga wanko su daga huhun. Aikin da wuya, amma shi na fi yarda da shi. Ke da kike kan cutar hanji, ki nemi ƙwayoyin hanjin alade na IPEC-J2 ki maimaita, ko da yake PEDV ba ya kama su da sauƙi.

Dokta, malamin jami'a: Malama ta yi gaskiya. Zan ƙara da cewa hawan GRP78 bai isa hujja ba. Ma'aikatar naɗe furotin ta ƙwaya, wato ER, masu gadi uku gare ta: PERK, IRE1 da ATF6, kuma bairos kan kyale wani ya danne wani. IRE1 yana da sauƙin dubawa, domin niyukiliyotaid 26 yake cirewa daga saƙon XBP1, bambancin na fitowa a jel. Sannan eIF2α ba PERK kaɗai ke sa masa fosfet ba, akwai PKR, GCN2 da HRI. A bairos mai RNA, PKR, mai gano RNA ɗin bairos, abin zargi ne tun farko.

Mun taɓa sa tafsigajin, maganin da ke takura ER, yawan bairos ya faɗi warwas, ɗalibai suna murna. Da muka auna lafiyar ƙwayoyin sai muka tarar da yawansu sun fara mutuwa, CHOP, furotin mai kai ƙwaya ga mutuwa, ya hau. Tun daga nan ba na karɓar sakamakon magani sai da awon rayuwar ƙwaya a gefe. Ni a ganina tambayar ko takura na taimakon bairos ko ƙwaya ba ta da amsa guda. Bairos na buƙatar ER don naɗe furotin S, ƙayar jikin korona, da samun tantanin da zai kwafi kansa a ciki, amma birkin eIF2α na cutar da shi. Shi ya sa bairos ɗin zazzaɓin aladu na Afirka ke ɗauke da furotin DP71L, wanda ke janyo enzayim PP1 na ƙwaya ya cire fosfet ɗin.

Ɗalibi ɗan'uwanki: Yaya, ki duba ruwan rainon ma. PEDV a Vero sai da enzayim tirifsin, kuma ba a sa siram, wato ruwan jini. Ni na ga fosfet ɗin eIF2α ya ɗan ɗaga a faranti marar bairos don wannan canjin ruwan kawai.

Ɗalibar bairoloji: Allah ya saka da alheri. Dokta, wanne zan fara, toshe PERK ko PKR?

Dokta, malamin jami'a: Kafin ki toshe komai, ki ɗebi samfuri a lokuta daban-daban tun daga sa'o'in farko, kowanne da farantinsa marar bairos a ruwa iri ɗaya. Wanda ya riga tashi tsakanin PERK da PKR, shi za ki rage da siRNA, guntun RNA mai hana yin furotin ɗin, ba da magani ba.