Wace kalmar Hausa za mu ba "tupos"?

Ɗalibar Tauhidi: Malamai, barkanku da war haka. Marubutan Kirista na farko sukan ce Dawuda na cikin Zabura "tupos" ne na Almasihu. Helenanci ne. Mu ce annabci?

Mai Fassara: A'a, 'yata, ba ɗaya ba ne. A Ayyukan Manzanni 2, Bitrus ya ɗauko Zabura 16:10, ya ce Dawuda ya mutu, an binne shi, kabarinsa na nan, saboda haka ba kansa yake nufi ba. Wannan annabci ne tsantsa. Shi kuwa tupos, abin ya sami Dawuda da gaske, daga baya ya cika a kan Almasihu. Asalin kalmar gurbin da bugu ya bari ne, ita ce a bakin Toma a Yohanna 20:25 kan gurbin ƙusoshi. Ni "tambari" nake gani.

Dattijo: Malam, tambari ai sai an buga hatimi yake fitowa, alhali Dawuda ne ya riga zuwa. Ka kifar da jerin. Kada kuma a kawo "inuwa": inuwar da ke Ibraniyawa 10:1 wata kalma ce dabam a Helenanci, skia, kuma Bahaushe in ya ji inuwar wani, mafaka ce ke faɗo masa a rai.

Malamar Helenanci: Baba ya yi gaskiya, kuma bambancin ba wasa ba ne. Jastin Shahidi, ɗaya daga cikin marubutan Kirista na farko, wajen shekara ta 160, ya bi Zabura 22 aya bayan aya a matsayin annabcin gicciye. Shi kuwa Tiyodo, bishop na garin Mofsuwestiya, daga baya ya ce kukan Dawuda ne lokacin tawayen Absalom. Zabura huɗu kacal ya yarda suna maganar Almasihu kai tsaye: 2, 8, 45, 110. Majalisar shugabannin coci da ta zauna a Kustantiniya a shekara ta 553 ta la'anci rubuce-rubucensa. In muka cusa komai cikin "annabci", mai karatu ba zai gane me suka yi jayayya a kai ba. (A kula, a Saftuwajinta, fassarar Tsohon Alkawari ta Helenanci da suke karantawa, Zabura 22 ita ce 21, 110 kuma 109.)

Shawarata "kwatancin mai zuwa". Ya zauna daidai a Romawa 5:14, inda Bulus ya kira Adamu tupos.

Mai Fassara: Na janye tambari. "Misali" ma a bar wa misalan Yesu. To antitupos na 1 Bitrus 3:21 fa, wato abin da tupos ɗin ke nuni gare shi?

Dattijo: "Cikar kwatanci". Hanyar karatun kuma "fassarar kwatanci". Jikata, rubuta haka.