Juyawa a kan siki ta gagare ni, ku yaya kuka yi?

Dogo: Salamu alaikum 'yan uwa. Na fara koyon siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa. Tsayawa dai na iya: in matso da bakunan allunan kusa da juna, in buɗe bayansu. Juyawa ce ta ƙi. In na nufi hagu sai allunan su miƙe da ni. Waɗanda suka wuce wannan mataki, me ya warware muku?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙafar waje ce ke juya mutum, Malam Dogo. In hagu za ka yi, nauyinka ya koma ƙafar dama, in dama za ka yi, ya koma ta hagu. Jiki ba ya yarda da wannan da wuri, don a ƙarshen juyawar ƙafar nan ita ce ta ɓangaren gangare, tsoro kuwa wajen tudu yake janyo mutum. Malamar da ta koya min karɓe sandunana ta yi, ta ce in dafa gwiwar dama da hannu biyu, in yi haƙuri. Ban murɗa komai ba, sai ga allunan sun karkata hagu da kansu. Har ihu na yi.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya ce, kuma dalilin yana jikin allon. Duba shi da kyau, baki da baya sun fi tsakiya faɗi. In ka taka shi ya ɗan kishingiɗa a gefensa, sai ya lanƙwasa ya bi da'ira. A shekarun 1990 irin wannan ƙira ta yaɗu, kamfanin Elan na Suloveniya na cikin na farko da suka fito da ita. Kafin nan da dogayen alluna kusan miƙaƙƙu ake fama, masu koyo sun sha wuya. Ni abin da ya taimake ni shi ne ƙaurina ya riƙa taɓa gaban takalmin koyaushe. Da zarar ka zauna baya, bakin allon ya yi sakayau, ba zai ji maganarka ba.

Baban Khalifa: Ni ido ne ya gyara min. Inda ka kalla can za ka. Bar kallon ƙafa.

Yaya Laure: Akwai wani ɗan lokaci da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. A tsakiyar kowace juyawa dole allunan su fuskanci gangaren kai tsaye, gudu ya ƙaru, gaba ya faɗi. Nan mutane ke fasawa su zube. In ka daure da takawar, juyawar da kanta za ta rage gudun yayin da ka gitta tudun. Kuma don Allah ƙanena, kada abokai su ja ka sama. A Faransa da launi ake nuna wuyar layukan sauka: koren layi ne na masu koyo, sai shuɗi, ja, baƙi mafi wuya. Ƙanwata an kai ta jan layi tun ba ta ƙware ba, a zaune ta sauko tana kuka.

Dogo: Na gode ƙwarai. Yaya Laure, to yaushe ake daina buɗe bayan allunan?

Yaya Laure: Kada ka tilasta. In nauyi ya zauna sosai a ƙafar waje, ta ciki za ta yi sauƙi, ka ja ta kusa a ƙarshen juyawa. Fara da ɓangaren da ya fi maka wuya, kusan kowa yana da shi.