Dan Allah me zan sa a bangon kan katifa tunda babu fuskar gado?

Amaryar Kwado:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Mun koma gidan haya a unguwar Kwado nan Katsina, ɗakin ƙarami ne gadona bai shiga ba sai na maida shi gida, yanzu katifa ce kawai a ƙasa mai faɗin ƙafa 6. Bangon ne ke damuna, har ya fara baƙi daidai inda nake jingina kai saboda man kitso, ga fentin yana kakkaɓowa kan filo. Na tambayi kafinta kuɗin fuskar gado kaɗai, abin da ya faɗa mani sai da na riƙe baki. Ina da atamfofin lefe da ban ɗinka ba, ko akwai dabarar da zan yi da su? Mai gidan kuma ya ce kar a farfasa mashi bango.

Maman Biyu:
Wa alaikumussalam amarya. Ki sayi ƙarfen labule a Babbar Kasuwa wanda ya ɗan fi katifar tsawo, ƙusa biyu kawai zai ci, mai gida ba zai yi magana kan ƙusa biyu ba ai ko labulen taga da ƙusa ake sa shi. Ƙafa 6 yadi 2 ke nan, turmi kuma yadi 6 ne, to ki yanki yadi 4 in kina son ya yi tattara mai kyau, ragowar 2 ki ɗinka rigunan filo su zama iri ɗaya. Ki rataye ta a kwance yadda ake ɗaura zani, zanen jikinta zai tsaya daidai ba zai kife ba. Tela ya kalmashe maki sama inda ƙarfen zai shiga shikenan. Amma ki wanke ta tukuna fa, atamfa tana ɗan shiga in ta sha ruwa kuma wata tana zuba, kar ta rina maki bangon mutane da damina.

Mai Kushin:
Hajiya labule ado ne kawai, in ta jingina bango dai za ta ji a bayanta. Ni sana'ata ce. Amarya ki sa maigidanki ya sayo filawud, ƙafa 8 da 4 yake zuwa, a yanko ƙafa 6 da 4 a goge kusurwoyin kar su huda yadi. A manna soso mai kaurin inci 2 da gam, a shimfiɗa tsohon zanin gado a kai kafin atamfar don ba ta da kauri, in ba haka ba kalar soson za ta riƙa lekowa. Sai a ja yadin ta baya a buga sitefula, daga tsakiya ake farawa ana tafiya gefe, sama da ƙasa sannan hagu da dama, in aka fara daga kusurwa sai ya karkace kuma a atamfa mai layi-layi nan take ake gani. Ba sai an buga ƙusa ba, a jingina shi da bango katifar ta danne shi.

Hajiya daga Daura:
Malam aikinka yana da kyau amma ban yarda a buge atamfar da sitefula ba. Ƙurar hunturu ta garin nan kun san ta, ga man kitson da ta ce, wata nawa zai yi bai yi dauɗa ba, kuma ta yaya za ta wanke? Ga kuɗin cizo, Allah Ya raba mu, irin wannan lungun na bayan katako yake so. Ɗiyata ki bar shi ya buge zanin gadon kawai, atamfar kuma a ɗinka ta kamar riga da roba a baki ko zif, ki cire ki wanke ki maida, in kin gaji da kalar ki sauya wata. Kuma ki riƙa jawo shi daga bango kina sharewa, bangon da ke tsatsafo da danshi yana kumbura filawud.

In kuma kina da luru ko gwado na saƙa a kayan kakanninki to wallahi ya fi atamfa kyau a bango, yana da nauyi iskar fanka ba ta kaɗa shi, ba ya neman tattara. Muna ninke su a ƙasan akwati asu yana ci, abin yana mani ciwo.

Amaryar Kwado:
Kai na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama akwai luru a wurin Innarmu fari mai ratsin baƙi, gobe in sha Allahu zan je in roƙa. Malam Mai Kushin, soson tsohuwar katifa zai yi ko dole sai sabo?

Mai Kushin:
Zai yi in bai fara marmashewa ba, a yanke shi da wuƙa mai kaifi a shanya a rana ya wuni tukuna.