Idon sawuna bai daina ciwo ba tun 2022: gashin ƙashi ko tiyata?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A daminar 2022 na yi targaɗe a idon sawun dama wajen ƙwallo, ƙafar ta kumbura har na kasa taka ta. Mai ɗori ya ja ta ya ɗaure, bayan mako uku na koma shago. Tun daga lokacin, duk sanda na taka wuri mai gargada sai in ji ta zame kamar za ta kayar da ni, zaman tahiya kuma yana ba ni wuya ƙwarai. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Wani likita ya ce in fara gashin ƙashi, wani kuma ya ambaci tiyata. Ni tela ne, da ƙafar nan nake taka keke, shi ya sa nake neman shawararku.

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Zamewar da ka ambata ta fi ciwon ɗaukar hankalina, domin alama ce cewa jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ta gefen waje sun saki, ba su warke da ƙarfinsu ba. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, sai dai irin hoton MRI, wanda ke nuna su. A ƙa'ida, ana fara ba da wata 3 zuwa 6 ga motsa jiki kafin a yi maganar wuƙa. Kada kuma sunan ya ruɗe ka, aikin ba gashi da ruwan zafi ba ne: za a koya maka tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido buɗe sannan ido rufe, da jan roba don ƙarfafa naman gefen ƙwauri, har ƙafar ta sake koyon gyara kanta kafin ta gurɗe. Mutane da yawa suna dainawa da wuri, sannan su ce bai yi aiki ba.

Yaya daga Kawo:
Ƙanena, ni an yi mini aikin tiyatar, irin wanda ake kira Broström, inda ake tsuke jijiyar da ta saki a ɗinke ta. Na samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma na yi kusan mako shida tsakanin filasta da takalmin kariya ina dogara sanda, bayan haka kuma gashin ƙashin nan da nake gudu shi aka mayar da ni kansa na watanni. Ka lissafa kwanakin da shagonka zai zauna a rufe, kada kuma ka bari aikin ya faɗo gab da Sallah. Idan ta kai ga haka, ka nemi ganin likitan ƙashi a asibitin Barau Dikko a Kaduna, ko asibitin Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Hajiya daga Malali:
Ɗana, idan kana shan magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen kullum don ka iya aiki, ka faɗa wa likita, domin yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode muku ƙwarai. Hajiya, gaskiya ina sha kusan kullum, kuma zan faɗa. Ranar Litinin zan je sashen gashin ƙashi, in tambayi batun MRI, in ba abin wata shida cikakku da yardar Allah.