Likita ya ce mu rubuto tarihin Baba, wai me zai yi da shi?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Babanmu ne ke fama da ciwon mantuwa, abin da muke ce ma gigin tsufa. Mun kai shi asibitin Shika, bayan magani sai likita ya ce mu zauna da shi mu rubuto tarihinsa, aikin da ya yi, abincin da yake so, har sunan da yake so a kira shi. Mutumin da bai tuna ko ya karya kumallo ba, wane tarihi zai bayar dan Allah?

Nas Bilki:
Wa alaikumussalam Maman Ilham, Allah ya ba Baba lafiya. Ai na jiya-jiyan ne ke fara gogewa, na ƙuruciya ya fi daɗewa, musamman in Alzheimer ne, nau'in ciwon mantuwar da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari inji Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. Mu kuma da muke canjin aiki safe da dare ba mu san shi ba, gado kawai muke gani. Ki ɗauka tsohon ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari, ƙarfe huɗun asuba ya miƙe yana neman takalmi, wanda bai sani ba sai ya ce rikici ne ya nemi a ba shi maganin barci, alhali bawan Allah aiki zai tafi. In an rubuta, sai in zauna in tambaye shi labarin jirgin Kano, yawanci sai ki ga ya natsu. A Ingila fom gare su takanas don wannan.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya ki yi hirar da hantsi, daga la'asar zuwa magariba sun fi ruɗewa. Ki kunna rikoda a waya, ki ɗauko tsoffin hotuna. Banda "Baba ka tuna?" wlh kamar jarrabawa suke jin ta, Innarmu haushi take ji. Inda ya kakare ku tambayi abokansa na masallaci.

Malam Na Kongo:
Ni dai a yi hattara, ba komai ake sa wa a takarda ba. Maganar gado, saki, rigimar kishiyoyi, me nas za ta yi da su? Shafi ɗaya ya isa, kuma a nemi yardarsa tunda da sauran hankalinsa.

Maman Ilham:
Na gode. Nas Bilki saura ɗaya, kullum sai ya nemi Mama kuma ta rasu, shi ma in rubuta?

Nas Bilki:
Shi ne ma kan gaba. Ki haɗa da amsar da kuke ba shi a gida, kar wata ta zo ta yi masa sabuwar ta'aziyya.